Gubar da Ta Zaga Tankuna Goma Sha Biyu

A sashen nazarin halittun teku na wata jami'a, an yi wani ɗalibin ajin ƙarshe da ake kira Na-ɗaya. Yana da ƙwaƙwalwa, babu musu, amma hassada ta cinye masa zuciya. Duk ranar da wani ya fi shi maki, ko gaisuwa ba ya amsawa.

A zangon ƙarshe aka ba ɗalibai goma sha biyu aikin bincike. Kowa zai yi kiwon jatan lande a tankin gilas, ya gano abincin da ya fi sa su girma. Na-ɗaya yakan shigo ya watsa abinci, ya auna, ya fice. Wankin tanki da duba famfo kuwa ya ce aikin leburori ne, ya bar wa dattijon da ke kula da ɗakin gwaji.

Tankin da ke kusa da nasa na wata ɗaliba ce, ana ce mata Shiru-shiru. Bayan mako takwas nata suka yi ɓul-ɓul, nasa kuwa duk a tsumbure. Malamar da ke duba aikinsu ta yaba mata a gaban kowa.

Malama na fita, Na-ɗaya ya tare ta. "Ke, me kika ba tsohon nan yake ƙara wa naki abinci a ɓoye?"

"Babu abin da na ba shi. Zama nake yi ina kula da su," in ji ta.

"Ni za ki gaya wa kula? Ke da da ƙyar kika tsallake ajin farko?"

Dattijon ya ce, "Ɗana, ka iya bakinka. Yarinyar nan guminta take ci."

"Baba, ka tsaya a kan bokitinka. Ba da kai nake ba."

Ranar Talata da rana, kowa yana lacca, Na-ɗaya ya sulale zuwa ɗakin gwaji da kwalbar sinadarin wanke ƙasa. Ya tuttule rabinta a tankin Shiru-shiru, ya ja ƙofa, ya koma aji ya zauna kamar ba shi ba.

Da la'asar ihun dattijon ya tara mutane. Jatan lande sun mutu a tankunan duka, sun kwanta fari fat a ƙasan gilas, ɗakin yana warin sinadari. Wata ɗaliba ta durƙushe tana kuka. Na-ɗaya ya kutsa ya duba nasa, bai ga ko ɗaya mai motsi ba. Nan take hankalinsa ya gushe.

"Yaya aka yi ya shiga nawa? Ai nata kaɗai na zuba wa!"

Dattijon ya nuna bututun da ya bi bayan tankunan. "Ruwa ɗaya ne yake zagaya su duka, da famfo ɗaya. Da ka taɓa sunkuyawa nan, da ka sani."

Wani ɗalibi ya ci kwalar Na-ɗaya. "Mugu! Wata biyu muna wahala!" Da ƙyar Malama ta raba su. Ta dubi Na-ɗaya ta ce, "Fice min daga nan. Kada ka sake kira na malamarka."

Kwamitin ladabtarwa ya kore shi ana saura wata ɗaya ya kammala. Sauran suka sake binciken daga farko, suka fita a makare. Ranar da mahaifinsa ya zo kwashe masa kaya, babu wanda ya raka su ko bakin ƙofa. Sai da suka shiga mota uban ya yi magana. "Shekara huɗu ina cewa ɗana masani ne. Yanzu me zan ce wa mahaifiyarka?"

Darasi: Hassada ba ta tsayawa inda aka aike ta. Mai ƙulla wa ɗan uwansa sharri yakan haɗa da kansa da waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. In wani ya fi ka, tambaye shi yadda ya yi, kada ka nemi rushe shi.