Ranar da Dogo Ya Ƙona Alkamar Baba

Akwai wani direban babbar mota da kowa ke kira Dogo. Mutum ne mai zafin nama. In aka ce kaya su isa gobe, shi yau zai sauke su.

Wata rana yana kan hanya aka kira shi cewa mahaifinsa ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Dogo ya ajiye mota ya dawo gida. Tsoho na asibiti, ga alkama ta kai gwiwa, ba mai kula da ita sai yayarsa, wadda tun rasuwar mijinta take taya Baba noma.

Alkamar ta fara koɗewa, alamar tana son taki. A ɗakin ajiya kuwa akwai jarkokin takin ruwa da Baba ya saya kafin ya kwanta.

Da likita ya ce an kusa sallamar tsohon, sai Dogo ya samu yayarsa tana shanya a tsakar gida.

"Yaya, so nake Baba ya tarar da gonarsa kore shar. Yau zan fesa takin nan."

Ta ɗaga kai ta dubi sama. "A wannan ranar? Ga shi kwana da kwanaki iska na dukan ganyen, duk ta goge masa maiƙon da ke kare shi. Baba ba ya feshi sai iska ta kwanta, rana ta yi sanyi."

"Taki ai abinci ne. Akwai wanda abinci ke ƙonawa?"

"Akwai mana, in ka ɗura masa da zafinsa."

Dogo ya yi dariya. Tana tafiya asibiti, ya goya injin feshi ya shiga gona da tsakar rana. Sai da ya yi rabin gonar, bayansa ya riƙe, sannan ya dawo yana jin ya yi abin kirki.

Washegari bakin ganye ya yi rawaya. Kafin jibi rabin gonar ya koma kamar rigar da aka manta dutsen guga a kanta.

Dogo ya tsuguna a bakin gona, ya kasa tashi. Nan yayarsa ta same shi. Ta dubi alkamar, ta dubi ƙanenta, idonsa ya yi ja.

"Tashi mu koma inuwa," kawai ta ce.

Da aka dawo da Baba gida, abin da ya fara nema shi ne a kai shi gona. Dogo ya yi ta kame-kame, ya ce gajiya, ya ce zafi. Tsohon ya kafe. Dole Dogo ya tura shi a keken marasa lafiya.

A bakin gona ya durƙusa. "Baba, ni ne. Yaya ta hana ni, ban ji ba."

Tsohon ya daɗe yana kallo. Maganarsa ta yi nauyi tun ciwon, kalma-kalma take fita. Ya ce a tsinko masa kara ɗaya. Da hannunsa mai lafiya ya riƙe, ya sa Dogo ya ɓare. Can ciki ga wani ɗan ganye a naɗe, kore, ɗanye.

"Wannan ne ganyen ƙarshe," in ji Baba. "Shi ke cika zangarniya. Bai fito ba tukuna. Da shi ka ƙona, da tare za mu yi kuka."

Ya dafa kan ɗansa. "Don ni ka yi. Na gani. Saura rabi, ka yi shi yadda ya kamata."

Nan aikin ya zama jarrabawa. Dogo ya yi sammako da injinsa, Baba ya ce raɓa ba ta bushe ba, ita za ta manne takin a jikin ganye. Da hantsi rana ta take. Da yamma iska ta taso. Haka aka yi ta yi, Dogo na kai da kawo a tsakar gida.

Ana cikin haka mai motarsa ya kira. "In ba ka zo gobe ba, zan ba wani makulli."

Dogo ya dubi mahaifinsa a kan tabarma. "Ka ba shi, ranka ya daɗe. Ina da aikin da ba ya son sauri."

Wata la'asar gari ya yi lumshi, iska ta kwanta, ganye a bushe. Baba ya gyaɗa kai. Yayar ta canza bakin injin zuwa mai zubo manyan ɗigo, waɗanda ke gangarawa ƙasa ba su tsaya kan ganye ba. Dogo ya bi layi-layi a hankali.

Ko ganye ɗaya bai ƙone ba.

Lokacin girbi, ɓangaren da aka jira ya yi zangarniya masu nauyi. Wanda ya ƙone ma ya farfaɗo, sai dai bai kamo ɗan'uwansa ba. Abin da aka samu ya ishi gidan har da na sayarwa.

Ranar girbin kuma Baba da ƙafarsa ya je gona, yana dogara sanda, taku ɗaya sai ya huta. Dogo na gefensa. Duk inda tsohon ya tsaya, shi ma sai ya tsaya.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba sai an dace da lokaci. Takin da ke raya shuka shi ke ƙona ta in aka yi gaggawa. Kuma wanda ya yi kuskure don ƙaunarka, gyara yake buƙata, ba gori ba. Ku tura wa manomi, da duk wani mai zafin nama da kuke ƙauna.