Gawo da Baƙinsa na Bazara

Dalilin da ya sa 'yan tsuntsayen nan masu waƙa ke cika kan gawo da bazara, shi kuma ya tsaya ba ganye da damina, ku matso ku ji, yara. Amma a hankali, kada ku kore mana su.

A da can, gawo kamar kowane itace yake a kurmin nan. Kowa rigar ganye ɗaya yake samu a shekara, ya adana ta sai ruwa ya sauka. Sai dai Gawo na da abin da ke cin ransa: bai taɓa yin baƙo ba. Saboda ƙayarsa, ko kurciya ba ta sauka a kansa.

Ran nan da hantsi, zafi ya yi zafi, sai ga ayarin 'yan tsuntsaye daga kudu, ƙanana, ruwan ƙasa, sun galabaita. Jagorarsu, wata mai suna Ladingo, ta yi sallama a ƙofar Kuka.

"Inna, matafiya ne mu, arewa muka nufa, hamada za mu ƙetare. A taimaka mana da inuwa da 'yan tsutsotsi mu yi ƙarfi."

Kuka ta ce, "'Yar nan, dube ni, ko ganyen miya ba ni da shi."

Marke ma ya ba su haƙuri. Gawo kuwa tun daga nesa ya hango su. Baƙi! Bai san sanda ya ɗaga murya ba: "Ku zo nan! Maraba, lale! Ga masauki!"

Suka sauka, sai a lokacin ya dubi kansa, ƙaya ce zalla. Kunya ta rufe shi. Mai gida ya tarbi baƙo a haka? Ya miƙa hannu zai ciro rigarsa ta damina.

Marke ya ce, "Kai, ɗan'uwa, kana da hankali kuwa? In ka sa ta yanzu, me za ka sa in hadari ya taso?"

"Sai hadarin ya taso tukuna," in ji Gawo, ya zura abarsa.

Wayyo, yara, da kun ga kurmin nan ranar! Ko'ina a bushe, shi kaɗai kore shar. Tsutsotsi suka taru a ganyen, baƙi suka ci suka ƙoshi. Da gari ya waye Ladingo ta gyara murya ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa, wannan na feɗuwa, wancan na guɗa. Gawo ya rasa inda zai sa kansa don murna, har biri ya bar abin da yake yi ya zo kallo.

Da suka yi ƙiba suka yi masa ban kwana, suka tashi. Ba a jima ba ruwa ya sauka. Kowane itace ya fito fes da sabuwar riga, ta Gawo kuwa ta tsufa, ta zube tas. Damina guda ana yi masa dariya.

Marke ya tausaya masa, ya ce, "Baƙo ai ya wuce ke nan. In an ba ka sabuwa, ka ɓoye ta sai damina mai zuwa, ka koma cikin 'yan'uwanka."

Gawo shi ma ya fara tunanin baƙin sun manta da shi. Ruwa ya ɗauke, sabuwar rigar ta iso, yana cikin naɗe ta sai ya jiwo wata 'yar murya daga arewa.

"Baba Gawo! Mun dawo, ga jikokinka mun kawo maka!"

Ko kallon Marke bai yi ba, ya warware rigar ya sa.

Shi ya sa har yau gawo ke sanye da ganye duk rani, baƙinsa su sauka in za su kudu, su sake sauka da bazara su cika kurmi da waƙa kafin su wuce, shi kuma ruwan damina ya dake shi tsirara bai damu ba. Ku ɗaga kai a hankali. Kun ga waccan 'yar ƙaramar a reshen sama? Ga ta can za ta fara!