Dalilin da Ya Sa Ɗan Goye Yake Jefa wa Kaza Abincinsa

Dalilin da ya sa ɗan goye yake damƙar abinci da hannunsa, ya ci rabi ya watsar da rabi a ƙasa, shi zan gaya muku yanzu, tunda kun ishe ni da ƙorafi. Kai Tanimu, ajiye takalmin nan! Ka kuskura ka jefi kazar nan, yau sai na saɓa maka. Ke kuma Hassu, daina goge wa ƙaninku baki, bai gama ci ba. Wai yana ɓarna. Ɓarna! Ku da kuka kifar mini da ƙwaryar nono jiya, wa ya kira ku maɓarnata? Ku zo nan inuwa ku zauna, kaka za ta yi magana.

A zamanin da, lokacin da dabba take magana mutum ya ji, akwai wani gari da ba a barin hannun jariri ya taɓa abinci. Wai duk yaron da ya kai hannu akushi kafin a yaye shi, in ya girma ɓarawo zai zama. Kun ji shirme? To, su a kan haka suka tashi. Da yaro ya kai wata shida sai a kai shi gidan wata tsohuwa ana ce mata Iya Dudu, ita ce mai yi wa yaran garin ɗure.

Ku ba ku san ɗure ba, Allah ya raba ku da saninsa. Uwa za ta ɗaure hannuwan ɗanta da tsumma, ta miƙa shi. Iya Dudu ta kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannunta a bakinsa, ta cika da kunu, sannan ta toshe masa hanci. Yaro ya buɗe baki neman iska, kunu ya wuce. Yana shure-shure, yana kakari, mata suna tsaye suna cewa, "Kai, Iya ta iya aiki!" Mtsw.

A garin akwai wata mata mai suna Tasalla. Haihuwarta biyu, duka maza, duka ta binne su. Kowanne an yi masa ɗure ya ƙware, kunu ya bi masa ta hanyar iska, ya yi kwanaki yana tari da zazzaɓi, ya tafi. Mutane suka ce wa'adi ne. Da ta haifi ta uku, mace, sai ta sa mata suna Barmani, tana roƙon Allah ya bar mata wannan.

Barmani ta kai wata bakwai, nono ya daina isarta. Tasalla ta yi ta jan ƙafa, yau ciwon kai, gobe aiki, har matan unguwa suka fara yi mata gori. Ranar da ta rasa abin cewa, ta goya yarinya ta tafi. Ta ɗaure mata hannu da tsumma, ta miƙa.

Amma Barmani 'yar taurin kai ce. Iya Dudu ta toshe hanci, yarinya ta datse baki. Ta ƙara matsewa, yarinya ta ƙi. Da numfashi ya ƙure mata ta buɗe baki, kunu ya kwarara gaba ɗaya. Sai kukan ya tsaya cak. Idanunta suka kakkafe, jikinta ya saki.

Tasalla ta yi kukan kura ta fizge 'yarta. Ta kifa ta a hannu tana bubbuga mata baya, tana salati, har kunu ya fito ta baki ta hanci, yarinya ta ja numfashi ta tsala ihu.

Iya Dudu ta ce, "Miƙo ta nan, saura rabin ƙoƙo."

Tasalla ta ce, "Wallahi Iya, ba za ki sake taɓa ta ba."

"Ke 'yar nan, ni kike gaya wa haka? Ubanki ma a cinyar nan aka yi masa ɗure!"

"Su yayyenta ma a cinyar nan aka yi musu. Suna ina yanzu?"

Tsohuwa ta miƙe a fusace. Ta ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ɗauke ta ki tafi. Amma in yunwa ta kashe ta, kada ki aiko a kira ni wanka."

Tasalla ta koma gida. Ta dama kunu mai laushi, ta ɗaure wa yarinya hannu yadda ta saba gani, ta ɗebo a ɗan ludayi tana lallashi. Ina! Barmani da ta hango ludayi sai ta datse baki ta kau da kai. Aka kwana ɗaya, aka kwana biyu, aka kwana biyar. Ga nonon uwa ya ja baya saboda ɓacin rai. Wuyan yarinya ya zama siriri, maɗigarta ta faɗa, kukanta ma ba ya fita sosai. Matan unguwa kuwa ba mai leƙowa, kowa tana jiran ta ji an ce an yi rasuwa, ta ce ai dama an faɗa.

Rana ta shida da hantsi, Tasalla tana zaune a tsakar gida da dafaffen dankali a faifai. Ta dafa don ta ci ko nono zai kawo, amma ta kasa ci. Sai ga wata kaza wake-wake ta fito daga bayan rumbu, da 'yan tsakinta goma sha ɗaya a bayanta. Ta miƙo wuya za ta tsinci ɓawon dankali.

Tasalla, da ma a cike take, ta rarumi muciya ta wurga mata. "Tafi can, ci ki goge baki! 'Yata tana mutuwa, ke cikinki kawai kika sani!"

Kaza ta goce, ta tsaya, ta tayar da gashin wuya. Ta ce, "Ni kike jifa? A kan ɓawo? Shekara uku ina gidan nan, ƙwaina kuke ci, 'ya'yana kuke yankawa in kun yi baƙi, amma ko tsaba ɗaya ba ku bari ta faɗo mana. Ƙirga 'ya'yan nan nawa. Goma sha ɗaya! Kin taɓa ganin na toshe wa ɗaya hanci? Kin taɓa ganin na ɗaure wa ɗaya ƙafa? Ku masu wayo, ku masu hannu, kun haifi ɗa da yatsu goma kun naɗe su a tsumma!"

Tasalla ta buɗe baki za ta rama, sai kuka ya ƙwace mata.

Kaza ta dube ta, ta dubi yarinya. Fushinta bai sauka ba, amma ita ma uwa ce, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta ce, "Share hawayenki, kuka ba ya cika ciki. Zan koya mata ci yadda nake koya wa nawa. Amma da sharaɗi. Duk abin da ya shiga bakinta nata ne. Duk abin da ya faɗo daga hannunta nawa ne da 'ya'yana. Ba kora, ba jifa, ba shara sai mun gama."

Tasalla ta ce, "Na yarda. Ko rumbun kika ce, na ba ki."

"Riƙe rumbunki. Kwance mata hannu."

Tasalla ta yi turus. "In ta zama ɓarauniya fa?"

Kaza ta ce, "Ta rayu tukuna, sai ki ji da tarbiyya. Kwance!"

Ta kwance. Kaza ta sa ta zaunar da yarinya daram a kan tabarma, ba a kwance ba. Ta sa ta zaɓo dankalin da ya fi nuna, wanda in an matsa da yatsa yake narkewa, ta yanka shi dogo-dogo kamar yatsan babba, yadda ɗan hannu zai iya damƙa. Aka ajiye a gaban Barmani. Sannan kaza ta ce, "Ke kuma zauna nan kusa, idonki a kanta, hannunki a cinyarki."

Kun taɓa lura da kaza in ta samo wa 'ya'yanta abinci? Ba ta haɗiyewa. Ɗauka take ta saki, ta sake ɗauka ta saki, tana kiransu, har su gane abin ci ne. To, haka ta yi a gaban Barmani. Ta ɗauki dankali ta saki. Ta ɗauka ta saki. 'Yan tsaki suka rufa a kai.

Barmani ta zuba musu ido. Can sai ta miƙa hannu, yatsun duk sun sage don ɗauri. Ta kai, ta kuskure. Ta sake kaiwa, ta damƙo ɗaya. Ta dube shi, ta dubi kaza, ta buɗe hannu ta sake shi ƙasa, yadda malamarta ta yi.

Tasalla ta ce, "Wayyo, ta zubar!" Ta kai hannu za ta ɗauko wani ta tura mata a baki. Kaza ta kai mata sara a bayan hannu, har jini ya fito.

"Na ce hannunki a cinyarki! Wannan gaggawar taku ce ta cika maƙabarta."

Tasalla ta janye hannu tana huci. Yarinya ta damƙi na biyu. Ta shafa a kumatu, ta shafa a hanci, ta kai kunne. Daga nan hannu ya gano hanya. Bakin nan da ya kwana biyar a datse ya buɗe da kansa. Ta tsotsa, ta mamula da dasashi. Wani guntu ya wuce mata ciki da yawa, ta yi kakarin amai, uwar ta zabura. Kaza ta ce, "Dube ta da kyau, tana numfashi. Bar ta." Yarinya ta turo guntun da harshe, ta tofar, ta koma kan sauran. Sai Tasalla ta ga ɗan maƙogwaron nan ya motsa.

A ranar loma uku ta ci. Washegari ta ci kabewa. Kafin sati biyu tana cin ɗan tuwo mai laushi da ayaba, wuya ya fara cikowa, nonon uwa ma ya dawo. Kullum ta zauna ci, na farko na kaza ne.

Iya Dudu kuwa tana can tana kasa kunne, shiru ba a aiko ba. Abin ya dame ta, ta ɗauki sandarta ta taho da kanta. Tana shiga ta tarar da yarinya zaune, fuska duk kabewa, hannu dumu-dumu, kaji sun kewaye ta.

Ta ce, "Innalillahi! Wace ƙazanta ce wannan? Abinci a ƙasa! Jaririya da hannu a faifai! Ke Tasalla, ɓarauniya kike raino, kuma kaza ce ungozomarki?" Ta ɗaga sanda ta kai wa kaji duka, suka watse. Ta zaro tsumma daga ƙugunta, ta kama hannun yarinya.

Barmani da ta ga tsumma sai ta datse baki, ta fara ture shi da ɗaya hannun, tana turewa, tana turewa. Tasalla ta ga wannan turewar. Ta tuna. Haka yayyen Barmani biyu suke yi duk ranar da za a kai su ɗure, da 'yan hannuwansu suke turewa. Kuma ba Iya Dudu ce take ɗaure su ba.

Tasalla ta ɗauki muciyar nan da ta jefi kaza da ita, ta tsaya tsakanin tsohuwa da 'yarta. Ta ce, "Iya, kin haife ni, ba zan zage ki ba. Amma sake mata hannu. Yarana biyu sun gaya mini ba sa so, da hannunsu suka gaya mini, ni kuma na kama hannun na ɗaure. Ni na ɗaure, ke kika ɗura. Wannan kam ba za ki ɗura mata ba, ni ma ba zan ɗaure ta ba. Ga ƙofa nan."

Tsohuwa ta saki. Ta tsaya tana haki. Barmani ta damƙi kabewa, ta ɗaga kai ta kalli Iya Dudu ido cikin ido, ta buɗe hannu ta sake ta ƙasa, tim. Kaza ta fito daga bayan rumbu, ta zo har gaban ƙafar tsohuwa ta tsince abinta.

Labari ya zaga gari. Mata suka riƙa leƙowa ta katanga, yau ɗaya, gobe uku, suna ganin 'yar da aka gama yi wa makoki tana rarrafe tana bin kaji. Kowa ta koma gida ta kwance wa nata hannu. Barmani ta girma, ta yi aure, ta ga jikoki, kuma ko allura ba ta taɓa ɗaukar wa kowa ba.

Shi ya sa har yau, in ka nufo ɗan goye da ludayi sai ya datse baki ya kau da kai, amma ka ajiye masa a gabansa ka ga yadda zai damƙa. Shi ya sa kuma yake kallonka tsakiyar ido ya saki abinci ƙasa, kaji suna jira a gindinsa. Alkawarin Tasalla yake cikawa.

Kai Tanimu, me kake wa dariya? Wai ƙarya ce, kaza ba ta magana? To, na ji, kaza ba ta magana. Amma ɗure ba tatsuniya ba ne. Babanku yana da wa, sunansa Ilu, ba ku taɓa ganinsa ba. Watansa takwas ɗure ya tafi da shi. Ni na riƙe masa hannu.

Hassu, ƙaro wa yaron nan dankali. Ku kuma ku matsa, kun tare wa kaza hanya.