Ragar Nomau da Yatsu Ukun Sarkin Ruwa

An ce wai a wani gari na bakin gulbi da ake kira Tungar Giginya an yi wani manomi mai suna Nomau. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai yana da wata irin kunya wadda ba ta barinsa ya yi tambaya. Wannan kunyar ce ta kusa raba 'ya'yansa da abinci, domin ranar da ya tashi sayen kayan su, wato na kamun kifi, ya wuce ƙofar masunta fiye da goma bai yi sallama ba, ya miƙe kai tsaye wurin mai sayarwa.

A shekarar damina ta yi ƙarfi. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya kwanta a kan shinkafar Nomau har kwana goma sha biyu, da ya janye bai bar masa ko cikin kwano ba. Ga 'ya'ya biyar, ga rumbu da ɗan guntun gero wanda ba zai kai su wata biyu ba. Kullum da safe sai ya hau ya leƙa rumbun, ya sauko ya zauna ya yi tagumi. Duk uban da ya taɓa jin ana kankare tukunya alhali yara ba su ƙoshi ba, ya san abin da ke cin Nomau.

Wata rana matarsa Kulu ta ce masa, "Malam, ruwan da ya ci mana shinkafa ai kifi ya kawo. Ga akuyata nan, kai ta kasuwa ka sayo kayan su. Amma don Allah ka fara biyawa ta wurin Barau, shi da ya tashi a cikin jirgi, ya gaya maka abin da ya kamata ka saya."

Nomau ya ce, "Ni in je in durƙusa gaban Barau? Shekara nawa ina toshe hanci in ya wuce, ina ce masa mai ƙarnin kifi? Ai sai ya tara mini gari. Mai sayar da kaya ya fi kowa sanin kayansa."

Ranar kasuwa ya sayar da akuya, ya nufi rumfar wani ɗan kasuwa mai suna Cindo, wanda ke sayar da raga da ƙugiya da zare. Ya rage murya ya ce, "Abu nake so mai araha, wanda ba sai an koya wa mutum ba."

Cindo ya dube shi sau ɗaya, ya gane manomi ne. Ya shiga can ƙuryar rumfa ya jawo wata shuɗiyar raga mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, wadda ta shekara biyu ba wanda ya taya. Ya kakkaɓe ta ya ce, "Allah ya yi da rabonka. Masu ƙugiya zama suke yi suna jiran kifi ya ga dama. Wannan kuwa ba ta jira, kuma ba ta barin komai. Kawo kuɗin hannunka, na yi maka sauƙi." Ya zauna ya ɗaɗɗaura mata dalma a gindi da hannunsa don ta riƙa nutsewa, ya ce wannan kyauta ce. Nomau ya yi godiya har da addu'a.

To, a wannan gulbi akwai doka tun ta kakanni. Duk ragar da idonta bai ɗauki yatsu uku na Sarkin Ruwa ba, ba ta shiga ruwa, domin ƙananan kifi su samu hanyar fita su girma. Wadda aka kama kuwa, a bakin gulbi ake ƙone ta a gaban jama'a. Kowane masunci ya san wannan tun yana goye. Nomau manomi ne, bai taɓa tsayawa ya saurara ba.

Washegari da hantsi ya sami wata 'yar lankwasa inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ya kafa turke ya ɗaura baki ɗaya, ya riƙe ɗayan ya zagayo, ya jawo zuwa tudu. Raga ta fito da nauyi. Da ya zazzage, sai ga tulin 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa, babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsa, suna ta tsalle a kan yashi. Yana tsaye yana tunanin ko Kulu za ta iya yin miya da su, sai ga jirgin Barau ya ɓullo.

Barau ya ajiye filafilin da yake tuƙi da shi, ya ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! Nomau, kai ne? Kifin baɗi ka kwashe mana tun yana cikin tsumma! Da ni na shiga gonarka na yanke shinkafa tana ɗanya, me za ka ce?"

Barau ya kai ƙara, kafin azahar an taru a gindin tsamiyar da Sarkin Ruwa Bagudu ke zama. Dattijo ne mai kaifin ido, ba ya gaggawar magana. Aka shimfiɗa raga a gabansa, aka ajiye ƙwaryar 'ya'yan kifi. Ya haɗa yatsunsa uku ya kai idon ragar, ba su shiga ba. Ya gwada ƙaramin yatsa shi kaɗai, shi ma ya ƙi. Masunta suka ɗauki hayaniya, "A ƙone! A ƙone!"

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi laifi, amma wallahi ban sani ba. Wannan raga akuyar matata ce, ba mu da wata. In aka ƙone ta, ban san abin da zan koma in gaya wa yara ba."

Sarkin Ruwa ya ce, "Jama'a, ku dubi abin da ke gabana. In na ƙone ragar nan, na ƙone tuwon yara biyar da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. In na ƙyale ta, gobe kowa zai zo mini da irinta da labarin yunwarsa, kuma nan da shekara uku yunwar ta zama ta gari duka. Dokar nan ba ni na kafa ta ba, ba ni kuma zan kashe ta. Amma kafin a kawo wuta, ina so in san yadda manomi ya san hanyar irin wannan raga. Wa ya ba ka shawararta?"

Nomau ya ce Cindo ne. Aka aika aka zo da shi.

Cindo ya yi gaisuwa, ya gyara hula. "Allah ya ja zamanin Sarkin Ruwa, ni ɗan kasuwa ne, ƙafata ba ta taɓa ruwa. Irin wannan raga masu shanyar tumatir da barkono na saye, masu killace 'yan tsaki na saye. Abin da mutum ya yi da kayansa bayan ya bar rumfata, ba ruwana."

Sarkin Ruwa ya ce, "Maganarka tana da hanya. To, a cinikin fa, ka cuce shi?"

"Ni? Sauƙi na yi masa, ranka ya daɗe. Ragar nan ta fi kuɗin akuyarsa daraja. A gaban kowa zan faɗa."

"Kun dai ji," in ji Sarkin Ruwa. Sai ya sunkuya ya ɗago gindin ragar, dalma na ta kaɗawa. Ya sa wuƙa ya yanke guda ɗaya, ya miƙa wa Nomau tare da guntun zare. "Mayar mini da ita yadda take."

Nomau ya karɓa ya yi ta juyawa. Ya ƙulla irin ƙullin da ake yi wa damin dawa, yana saki dalma ta faɗi ƙasa. Ya sake, ta sake faɗuwa. Masunta suka fashe da dariya. Barau ya ce, "A ba shi igiyar shanu, ko Allah zai sa!"

Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya juya ga Cindo. "Hannun da ya kasa ɗaura guda ɗaya ba shi ya ɗaura arba'in ba. Wannan ƙulli na wanda ya san aikin ne. Wa ya yi shi?"

Cindo ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Kyauta na yi masa."

"Madalla da kyauta. To gaya mini, tumatir ɗin da ake shanyawa, a ƙarƙashin ruwa ake shanya shi? Ko 'yan tsaki ne ke buƙatar dalma?"

Cindo ya cire hula ya durƙusa.

Sarkin Ruwa ya gyara zama ya ce, "Ga hukuncina. Mutum ya zo maka a makance ya ce ka zaɓar masa. Daga wannan lokaci ba ciniki kaɗai ke tsakaninku ba, akwai amana. Ka san dokar gulbi, ka ba shi abin da ba ya shiga gulbi, ka kuma shirya masa shi don gulbi. Saboda haka wannan ciniki ya warware. Raga ta koma hannunka, kuma da bakinka ka ce ta fi abin da ya biya, don haka ba ka da kuka. Nomau zai ɗauki kayan su na halal a rumfarka, abin da ya saura na kuɗinsa ka mayar masa. Doka kuwa tana nan daram: ragar da ta shiga ruwa za a ƙone ta yau. Ga ashana, kai ne mai ita."

Wurin ya ɗauki kabbara. Nomau ya fara godiya, Sarkin Ruwa ya tare shi. "Dakata, ban gama da kai ba. Waɗannan 'ya'yan kifi hannunka ne ya kashe su, kuma girman kai ne ya kai ka. Barau, kai ka kawo ƙara, kai za ka zaɓar masa kaya. Kai kuma Nomau, kwana bakwai za ka riƙa tuƙa masa jirgi, kuma kowace rana sai ka yi masa tambaya uku da ƙarfi, yadda na bakin gaɓa za su ji."

Barau ya ɓata fuska. "Ranka ya daɗe, wannan ai ni aka hukunta. Mutumin da ke toshe hanci in na wuce?"

"Yanzu da hannu biyu zai riƙe filafili," in ji Sarkin Ruwa, "ba shi da na toshe hanci."

Bayan hayaƙin raga ya kwanta, aka ɗunguma zuwa rumfar Cindo. Nomau ya kai hannu kan wata babbar raga, Barau ya buge hannun. "Ajiye. Wannan sai mai jirgi da mutum huɗu. Kai ƙugiya za ka fara da ita." Ya zaɓi kwali ɗaya na ƙugiya matsakaita, yana gwada tsininsu a farcensa, wadda ta zame ya mayar. Ya ɗauki zare mai kauri na shimfiɗawa a ruwa da siriri na ɗaura ƙugiyoyi, ya ja da haƙori ya ji ƙarfinsu. Da Cindo ya turo masa 'yan robobin da ke sa zare ya yi iyo, Barau ya ture. "Gidan mai 'ya'ya biyar ba ya rasa tsinkakken silifa. A yayyanka, aikinsu ɗaya. Dalma ma ba dole ba ce, duwatsu sun cika gaɓa. Tanar da za ka sa wa ƙugiya kuwa tana nan a gindin randar matarka, ba a sayenta." Abu ɗaya kaɗai ya ce kada a yi masa rowa, shi ne babban gora mara tsaga, wanda mutum zai kwanta a kai ya bi ruwa, ya kuma zuba kifi a ciki. "Wannan ranka ne. Ko'ina ka nemi araha, ban da nan."

Da aka haɗa kayan duka, ba su cinye rabin kuɗin akuya ba. Abin da ya saura Nomau ya kai wa Kulu, ta sayi 'yar burgumar akuya ta ɗaure a turken wadda aka sayar.

Kwana bakwai Nomau yana tuƙi yana tambaya. Ranar farko da ƙyar maganar ke fita, mutanen gaɓa na yi masa ihu, "Ba mu ji ba!" A rana ta huɗu tambayoyinsa sun wuce goma, har Barau ya ce, "Uku aka ce, bawan Allah, ka bar ni in ji da raina." A rana ta takwas ya shimfiɗa zarensa shi kaɗai, ya dawo da tarwaɗa huɗu, ɗaya ta kai tsawon damtse. Kulu ta karɓa ta juya su, ta ce, "Malam, yau kai ma kana ƙarnin kifi." Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Abin da dattawan Tungar Giginya suka riƙe daga wannan shari'a shi ne: wanda zai sayi kayan sana'ar da bai sani ba, ya fara tambayar mai ci da ita kafin mai sayar da kayanta, domin araha ta gaskiya ita ce abin da zai ciyar da kai bana, ya kuma bar maka na baɗi. Ni ma abin da nake ta nanata wa nawa 'ya'yan ke nan, ko da yake ban san iyakar abin da ke shiga kunnensu ba.

Iyalin Nomau dai sun kai kaka ba su kwana da yunwa ba. Ko ya koma gonarsa da damina ta zagayo, ko ya zauna a ruwa, wanda ya ba ni labarin bai sani ba. Haka kuma ba wanda ya san ko gulbin zai sake hawa gonaki a shekara mai zuwa.