Gashin Bakin Eleuterio da Jaririn Roba

Eleuterio mai aski ne a kasuwarmu ta Puebla, kuma kompadrena ne, don ni na tsaya wa 'yarsa ranar baftisma. Mutumin kirki ne, yana da gashin baki na shekara talatin da yake murzawa kamar dukiyar gado. Aibinsa ɗaya: in ya ga wani ya yi sa'a, cikinsa ciwo yake. Ni kuwa Hilario mai sayar da huluna, Allah Ya yi ni da kyau da sa'a. To laifina ne?

Kowace ranar shida ga Janairu mu goma sha biyu na layinmu muke taruwa mu yanka roska, burodin nan mai zobe da ake ɓoye ɗan jaririn roba a ciki. Wanda jaririn ya faɗo a rabonsa, shi zai ciyar da kowa tamales, wato alalen masara, ranar biyu ga Fabrairu, a yi ta yi masa tsiya har shekara ta zagayo. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa samu ba. Eleuterio ya samu sau uku.

Wannan bai dame shi ba kamar ranar da Donya Ernestina, bazawarar da ke dama mana cakulan, ta ce, "Don Hilario, hannun nan naka mai albarka ne." Tun daga nan, in zan yanka sai na hura yatsuna, na sansana burodin, na rufe ido. Ba abin da nake ji sai ƙanshin lemo. Amma yadda fuskar kompadre take kumbura, ai ya isa lada.

Sai ya kai ƙarata wurin Malama Ofelia, tsohuwar malamar lissafi mai sayar da zare.

"Malama, mutumin nan asiri gare shi."

"Asirin me, ɗana? Yanka goma sha biyu, jariri ɗaya. Kowa rabonsa ɗaya cikin goma sha biyu, ko shi ya fara ko shi ya ƙare. In ka tara mutum goma, kusan huɗu za su yi shekara sha ɗaya ba su samu ba. Burodi ba ya tuna bara."

"Ni fa, sau uku?"

"A taro irin namu ba abin mamaki ba ne ƙuri'a ta maimaita kan wani. Kai ta zaɓa."

Ni ma ban ji daɗin bayanin ba. Huɗu cikin goma? Ta mayar da ni gama-gari.

Bana da muka taru da la'asar, Ernestina ta tsokane shi: "Don Eleuterio, ka fara jiƙa masara ko?" Aka kwashe da dariya. Ya miƙe, ya kama gashin bakinsa da hannu biyu.

"Ku shaida! In jaririn nan ya sake zuwa bakina, da askata zan kwashe wannan a gabanku."

"Kompadre, zauna," na ce. "Leɓen da bai ga rana ba shekara talatin, kada ka tsorata yara."

Aka fara yanka. Na hura yatsuna, na yi sansane-sansanena, na ciri rabona. Ina juyawa in karɓi kofi a hannun Ernestina, sai kompadre ya yi wuf ya musanya farantinsa da nawa. Na gan shi sarai. Na ƙyale shi, don ina da tarbiyya.

Ya gatsa da ƙarfi yana kallona. Muka ji ƙas! Idonsa ya fito. Maimakon ya tofar, sai ya dubi Ernestina, ya shafa gashin baki, ya haɗiye. Jaririn ya ƙi wucewa. Eleuterio ya kama wuya, fuska ta yi baƙi, ko tari ya kasa. Dariya ta ɗauke. Malama Ofelia, da tsufanta, ta zagaya bayansa, ta rungumo cikinsa ta matsa sau uku. Jaririn ya yi tsalle ya faɗa tsulum cikin cakulan ɗina, da guntun haƙori a biye.

Da numfashi ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne, "A kofinsa yake! Nasa ne!"

"Daga bakin wa ya fito?" in ji Malama.

Ernestina da kanta ta riƙe masa madubi. Ya kwashe gashin tas, ga giɓi a gaba babu abin rufewa. Har yau yana gaya wa masu zuwa aski wai ni na shirya masa. Ni da aka sace wa burodi, aka ɓata wa cakulan, aka hana ni ciyar da jama'a karo na farko a rayuwata! Tamales ɗinsa ma gishiri ya yi yawa. Shida kawai na iya ci.

Darasin a nan, mai karatu: yawancin abin da kake ƙyashi a hannun wani faɗuwar rabo ce kawai, ba baiwa ba ce, kuma ba ta da alkawari da gobe. Eleuterio ya guji asara mai zuwa sau ɗaya cikin goma sha biyu, ya sa ransa a haɗarin da ya fi ta nesa ba kusa ba. Ka ci abin da ke farantinka. Na maƙwabcinka da kake haɗiyar yawu a kai, ba ka san abin da aka toya a cikinsa ba.