Ɗan Ragon da Aka Shafa wa Gishiri

Kun taɓa lura da yaron da yake shiga masujada kowace Lahadi, ya fita, ba wanda ya kira sunansa? To, ku ji wannan misali.

Akwai wani mutum mai 'yan tumaki. A farkon damina wata tunkiyarsa ta haihu ta mutu, ta bar ɗan rago ko tsayuwar kirki bai iya ba. Mutumin ya ji tausayinsa. Ya samo kwalba, yana tatsar akuya yana ba shi safe da yamma, ya kuma shimfiɗa masa buhu a ƙofar ɗakinsa.

Ɗan ragon ya rayu, amma garke bai karɓe shi ba. Duk tunkiyar da ya matsa kusa da ita, sai ta shinshine shi ta tunkuɗe shi. In an kora su kiwo, shi kaɗai ake bari can baya yana kuka. Ga aikin gona ya taso, mutumin ba zai iya yini yana gadinsa ba. Wata rana ya dawo da la'asar, ya tarar karnuka sun yage wa ɗan ragon cinya, da ƙyar ya tsira.

Ya saɓa shi a kafaɗa ya kawo gida, ya zauna ya yi tagumi. Kakarsa tana tsintar wake, ta dube shi ta ce, "Angona, yaushe za mu yi sunan ɗan nan naka? Na ga har goyo ake yi."

"Kaka, ki bar wasa. Na ba shi madara, na ba shi wurin kwana. Me ya rage?"

"Kai tunkiya ne? Madara ka ba shi, ba ka ba shi dangi ba. Tashi ka ɗebo mini gishiri."

Ta jiƙa gishirin, ta shafe kan ɗan ragon da bayansa, ta kauce wa raunin. Ta ce ya ajiye shi tsakiyar garke, ya ja da baya. Ya yi haka. Babbar tunkiya ta taho kamar za ta tunkuɗe shi, ta shinshina, sai ta lasa. Ta sake lasa. Sauran ma suka taho. Gishiri ya kawo su, amma kafin su gama, warin jikinsu ya zauna a jikinsa. Har wata mai shayarwa ta tsaya masa ya sha.

Da ƙafarsa ta warke, a tsakiyar garke yake fita kiwo, karnuka kuwa sai kallo daga nesa. Mutumin ya ce, "Na gode wa Ubangiji. Kaka, na gode."

Ta ce, "Godiyar baki kawai? Ina gorona?"

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Ɗan ragon shi ne maraya, ko yaron da rikici ya koro daga garinsu, ko yarinyar da aka kawo aikatau. Mai tumakin kuwa ku ne, ku da kuke ɗebo hatsi da tufafi ba gajiya. Allah ya sāka muku, musamman iyayenmu na Zumuntar Mata, domin da hannunku yara da yawa suka rayu. Amma karnuka suna nan: masu sayar da ƙwaya, da masu ruɗin yara da alkawarin aiki a birni. Wanda yake shi kaɗai suke nema.

Gishirin fa? Ɗan dalili ne da zai kawo mu kusa da yaron. A miƙa masa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Telan da ke cikinmu ya ce, "Zo ka riƙe mini almakashi." Mu da muka gama makaranta mu zauna da shi a kan lissafinsa. Kai, ko rakiya ce zuwa gida bayan sujada, ai ta isa mafari!

Ranar Lahadin nan, kafin ka tafi gida, nemi yaro ɗaya da yake tsaye shi kaɗai. Tambayi sunansa da inda yake kwana, sa'an nan ka ce masa, "Zo mu ci tuwo a gidanmu."