Hannun Rasmata da Ba Ya Bugawa

Akwai wata budurwa a Zongon Wagadugu, Rasmata, wadda a shekarar 2007 take kitso a shagon Tanti Hajjo, ƙanwar babanta. Kitsonta har daga unguwar Paspanga ake zuwa nemansa. Sai hannunta na hagu ya fara mutuwa. Da ta ɗaga shi ta yi ƴan layuka, sai ya yi sanyi ya saki.

Tanti Hajjo kan tura ɗankwali gaba, ta riƙe ƙugu. "Hannu ya mutu, ko? Amma in an kawo shinkafa, nan take yake tashi. In kika sake barin kan mutane rabi da rabi, kujerarki ta zama ta wata."

A dispanser, ƙaramin asibitin unguwa, kullum a hannun hagu ake yi mata awon jini, don shi ne ke gefen teburin nas. Kullum magana ɗaya: tansiyo, wato awon jininta, ta yi ƙasa. Aka dage mata da gishiri, ciwon kai kuwa sai ƙaruwa.

Mutum ɗaya ce ta yarda da ita, Su'ada, abokiyar aikinta. Takan ce, "Yaya, je ki sayo zare," ta ƙarasa kitson a madadinta, ita ma ta sha faɗa.

Ana gobe bikin wata maƙwabciya, Su'ada ta zana mata lalle a hannun hagu har gwiwa. Bai bushe ba jiri ya kwashe Rasmata. Su'ada ta goya ta a moto, wato babur, sai asibiti.

Nas ta nufi hannun hagu, Rasmata ta janye, ido a lumshe. "Madam, don Allah, lallena."

"Kina suma kina ta lalle? Kawo ɗayan."

Nas ta auna, ta sake aunawa, ta fita da sauri ta dawo da likita. Awon dama ya haura har goma sha tara, na hagu da ƙyar takwas. Likita ya lalubi jijiyar hagu, babu bugu. Ya kara abin saurare a wuyanta, ya ji jini yana huci kamar ruwa a matsattsen tiyo.

Aka tura ta babban asibiti. Bayan gwajin jini da hoton jijiyoyi, aka ce Takayasu ce, cuta da ba a cika gani ba, mai kumbura manyan jijiyoyin jini har su tsuke, kuma ta fi kama ƴan mata. Ashe hawan jini gare ta, ana ta ɗura mata gishiri.

Tanti Hajjo ta ce, "Dokter, kenan ba lalaci ba ne?"

"Hajiya, da wannan hannun take kitso? Ni da tuni na ajiye."

Aka ɗora ta a kan maganin kortizon da na hawan jini, aka hana gishiri. Kumatunta suka cika, Su'ada tana tsokanarta da "Madam Minista", tana kai ta ganin likita kowane wata.

Ranar da ta koma shago, Tanti Hajjo ta shimfiɗa tabarma gaban kujerar Rasmata, don kada ta riƙa ɗaga hannu. Wata hajiya mai gwal ta yatsina fuska.

"A ƙasa zan zauna?"

"A ƙasa, Hajiya. Ƴata ba ta da lafiya. In ba za ki iya ba, unguwar Gounghin ma akwai masu kitso."

Hajiya ta tattare leshi ta zauna.

Darasi: In ɗan uwanka ya ce yana ciwo, yarda da shi ko da idonka bai gani ba, ka kai shi a duba shi sosai, awon jini ma a yi hannu biyu. Ku tura wa kowace tanti da kuka sani, tawa ta riga ta karanta.